Kwana 14 Cikin Mulkin Shekara 50

Muna roƙon ku ba mu aron hankalinku a wannan mako, mu tattauna wata magana wadda ta daɗe tana kai da kawowa a zuciyarmu, watau maganar jin daɗin zaman duniya, da inda a ke samunsa. Babu wanda ba ya nemansa. Manomin da ya yi sammako da fartanya a kafaɗa, da ɗan kasuwan da ya buɗe rumfa tun rana ba ta yi zafi ba, da yaron da ya rataya jakar littattafai ya nufo makaranta, in ka tsai da su ka bi diddigin abin da ya fito da su daga gida, ƙarshen maganarsu duka guda ne, kowa so ya ke ya ji daɗi. Amma abin mamaki, masu nema sun cika duniya, masu cewa sun samu kuwa sai an tona. To, ko dai abin ne ba shi samuwa, ko kuwa mu ne mu ke nemansa inda ba a ajiye shi ba. Kafin mu faɗi abin da mu ke gani, bari mu ba ku labarin wani sarki, domin labarinsa ne ya tayar mana da wannan tunani.

SARKIN ƘURƊUBA

A ƙasar Andalus, wadda ta ƙunshi yawancin ƙasashen da mu ke kira Sifen da Fotugal a yau, an yi wani sarki daga zuriyar Banu Umayya, sunansa Abdurrahman na 3, laƙabinsa Annasir. Ya gaji kakansa a shekarar 912, yana saurayi bai daɗe da haura shekara 20 ba. Ƙasar da ya tarar ta yi kaca-kaca, kowane hakimi ya ja yankinsa ya ƙi biyayya ga Ƙurɗuba, babban birnin sarauta. Sai ya ɗaura ɗamara, ya yi ta kai yaƙi shekara da shekaru. A 928 ya ci Bobastro, wani gari na kan dutse inda 'yan tawaye suka daɗe suna fakewa. A 929 ya ɗauki sarautar Halifa. A 932 birnin Toledo ya buɗe masa ƙofa, bayan an yi shekara 2 ana tsare da shi.

Da ƙasa ta kwanta, sai ya mai da hankali ga gini. Wajen shekarar 936 ya sa aka fara gina masa sabon birni a gindin dutse, kamar tafiyar mil 5 yamma da Ƙurɗuba, aka sa masa suna Madinatuz Zahra. Masu tarihi sun ce ma'aikata 10,000 ke fita aikin kowace rana, an kafa ginshiƙai fiye da 4,000, kuma kashi ɗaya cikin 3 na kuɗin da ke shiga baitulmali can a ke zuba shi. Har sun ce a tsakiyar wani zaure akwai kwatarniyar zaiba, in rana ta faɗa a kanta aka girgiza ta, sai haske ya yi ta walƙiya a jikin bango har baƙo ya tsorata. Ko da an yi ƙari cikin lissafin nan, kamar yadda marubutan da su kan yi, ba shakka ginin ya ƙasaita. Jakadu suka zo masa daga Sarkin Rum na Kustantiniya, suka zo daga Otto sarkin Jamus. A zamaninsa da wuya a nuna wani sarki a yammacin Turai wanda ya kai shi dukiya da ƙasaitar fada.

Ya rasu a shekarar 961. Malam Maƙƙari, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a Alƙahira a 1632, yana cikin waɗanda suka ruwaito cewa bayan rasuwar sarkin nan an sami wata takarda da rubutun hannunsa. A cikinta ya jera ranakun da ya ji daɗi tsantsa, wanda babu damuwa a gauraye da shi, rana kaza ta wata kaza ta shekara kaza. Da aka ƙidaya su, sai aka ga kwana 14 ne.

Mu da ya ke sana'armu koyarwa ce, ba mu iya ganin lissafi mu wuce ba mu taɓa ba. Mulkinsa shekara 50 ne a ƙidayar Hijira, watau kwana fiye da 17,000. In ka raba, sai ka ga cikin kowane kwana 1,000 bai sami ko kwana ɗaya cikakke ba. Kai, jama'a, wannan abu da ban tsoro ya ke!

Kada mu yi masa rashin adalci, sarkin nan ya ga tashin hankali na gaske. A 939 Ramiro sarkin Leyon ya karya rundunarsa a Simankas, shi kansa da ƙyar ya tsira, daga nan kuwa bai sake jan yaƙi da kansa ba. Wajen 950 kuma aka zargi ɗansa Abdullahi da shirya masa maƙarƙashiya, ya sa aka kashe shi. Uban da ya yi haka, wace fada ce za ta sa shi barci mai daɗi? Saboda haka ba mu kawo labarinsa don mu yi masa dariya ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne mudun da ya auna kwanakinsa da shi.

Ku duba da kyau. Bai ce kwana 14 kaɗai alheri ya same shi ba. Abin da ya ƙidaya shi ne ranakun da ba su da ko ƙwayar aibi. Bari mu kwatanta. In da safe an yi masa albishir da haihuwa, da la'asar kuma wasiƙa ta zo cewa wani hakimi ya yi tawaye, to, ranar ta faɗi, ba ta shiga takarda. In ya ci abinci ya ƙoshi, ya ji sanyin lambunsa, amma ya tuna akwai ginshiƙin da bai iso ba, ita ma ta faɗi. Wanda ke awo da irin mudun nan, abin da ya rage ya ke ƙidayawa, abin da ke hannu kuwa ba ya shiga lissafi. Kuma muna tsammani yawancinmu, talakawa da masu hali, da mudun nan mu ke awo, takardar ce kaɗai ba mu rubuta ba.

SABO DA KWAƊAYI

Me ya sa abin da ke hannu ba ya shiga lissafi? Dalili na fari shi ne sabo. Kowa ya san in mutum ya shafa turare, bayan ɗan lokaci ya kan daina jin ƙanshinsa, har ya zaci ya tafi, alhali duk wanda ya gifta kusa da shi yana ji. Turaren yana nan, hanci ne ya saba. Haka zuciya ta ke da kowace ni'ima.

Ba sai mun je Andalus neman shaida ba, mu kanmu shaida ne. Sa'ad da mu ke kwalejin horon malamai, ba mu da buri da ya wuce ranar da za a miƙa mana takardar shaida. Mu kan kwanta a ɗakin kwana muna cewa in Allah ya nuna mana ranar nan, shi ke nan, ba sauran damuwa. Ranar ta zo, muka yi murnar mako guda. Daga nan buri ya koma a ɗauke mu aiki. Aka ɗauke mu, sai muka ga tafiyar ƙasa zuwa makaranta ba ta dace da malami ba, muka yi adashi muka sayi keke. Wata na fari kullum da yamma sai mun goge shi har bakin taya. Kafin shekara ta zagayo, idonmu ya koma kan babur ɗin wani abokin aiki, keken nan kuwa ya zama abin kunya a jingine shi gaban ofis. Yau da mu ke wannan rubutu babur ɗin yana zaure, ƙura ta rufe shi, mu kuwa muna kallon masu mota. In da wani ya zo mana a ɗakin kwanan nan na kwaleji ya ce, ga aiki, ga iyali, ga abin hawa, da mun rantse ba za mu sake kukan komi ba. Ga shi duk an ba mu, kukan kuwa yana nan yadda ya ke.

Dalili na biyu shi ne kallon kwanon wani. A da, wanda mutum ke auna kansa da shi bai wuce maƙwabcinsa da 'yan unguwarsu ba, su kuwa ya san cikinsu, ya san mai babbar riga ma ya kan kwana da bashi. Yanzu wayar hannu ta mai da duniya duka maƙwabta, kuma maƙwabtan da ba ka ganinsu sai ranar bikinsu. Yaro yana zaune a ƙofar gidan ubansa, ya ci ya ƙoshi, sai ya duba waya ya ga gidan wani da motar wani, nan take tuwon da ya ci ya zama abin reni. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma ba su taɓa ganin mabuɗin da a ke sawa a aljihu a kwana da shi ba.

Masana na wannan zamani sun gwada maganar nan ta hanyar bincike. A shekarar 1978 wani masani a Amurka, Philip Brickman, da abokan aikinsa biyu, suka nemi mutum 22 waɗanda suka ci kuɗi masu yawa a irin cacar nan ta sayen tikiti da Jihar Ilinoi ke shiryawa, waɗansunsu har dala miliyan guda. Suka kwatanta su da waɗansu mutum 22 na unguwanninsu waɗanda ba su ci komi ba. Da aka tambaye su yadda su ke jin zamansu, bambancin da ke tsakani bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, da aka tambaye su daɗin da su ke ji a ƙananan abubuwa na kullum, kamar karin kumallo, da hira da aboki, da jin labarin ban dariya, sai waɗanda suka ci kuɗin suka nuna ba su jin daɗinsu kamar sauran. Watau babban rabo ya zo ya dusashe ɗanɗanon ƙanana.

Amma gaskiya ta fi komi. Mutum 22 ba su isa a yanke wa duniya hukunci ba. A shekarar 2020 waɗansu masana a ƙasar Suwidin suka buga sakamakon binciken mutum fiye da 3,000 masu irin wannan caca, suka ga waɗanda suka sami kuɗi masu yawa sun fi gamsuwa da zamansu, har bayan shekara 10 da ƙari. Sai dai a wajen farin cikin zuciya na yau da gobe, canjin da aka gani kaɗan ne. Abin da mu ka fahimta daga binciken nan biyu shi ne, dukiya tana ɗauke wa mutum nauyi na gaske, wanda ya ce ba ta yi bai taɓa kwana da bashi ba. Amma ɗauke nauyi dabam, iya ɗanɗana abin da ke gabanka dabam, shi kuwa na biyun ba a sayar da shi a kasuwa.

ABIN DA YA FARU A AJI

Rannan a darasin insha'i muka so mu gwada yaranmu na aji 6. Muka ce kowa ya raba shafinsa biyu. A gefen dama ya rubuta abubuwan da ya ke so ya samu. Kafin mu gama share allo, waɗansu sun cika gefen har suna neman izinin juya takarda: waya, ƙwallo, takalmi, keke, zuwa Makka, zama likita, zama gwamna. Sa'an nan muka ce a gefen hagu kowa ya rubuta abubuwan da ya ke da su yanzu waɗanda ya ke jin daɗinsu. Sai aji ya yi tsit, aka shiga cizon alƙalami ana kallon rufi. Bayan minti 10, mafi ƙoƙari a cikinsu ya rubuta 4.

Muka ji kunya, domin yaran nan ba su ƙago wannan hali ba, daga gare mu suka koya. Tun daga aji 1 abin da mu ke cusa musu shi ne su nema: ku ci jarrabawa ku wuce gaba, ku wuce gaba ku sami aiki, ku sami aiki ku zama wani abu. Ba mu tuna ranar da muka tsaya muka ce da su, ku dubi abin da ke hannunku ba.

Muna shirin yi musu dogon wa'azi a kan godiya, sai wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu. Ya miƙe ya ce, "Malam, ni yau ban karya ba, jiya da dare ma ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Me zan rubuta?" Ba da rashin kunya ya faɗa ba, tambaya ya yi tsakani da Allah. Muka yi tsuru da alli a hannu, wa'azin nan duk ya bi iska. Abin da muka iya cewa kawai shi ne, "Zauna, yaro, in an tashi tara ka same ni."

ƘOSASSHE DA MAYUNWACI

Tambayar yaron nan ita ce babbar suka da a ke yi wa maganar da mu ke yi, kuma ba za mu kewaye ta ba. Mai suka ya kan ce, wa'azin wadar zuci dabarar ƙosassu ce don mayunwata su yi shiru. Ya kan ce in kowa ya gamsu da abin da ke hannunsa, wa zai haƙa rijiya, wa zai gina asibiti, wa zai nemi hakkinsa in an danne? Lalle akwai gaskiya cikin wannan. Mun sha ganin mai gida ya hana ma'aikaci ladansa, sa'an nan ya ce masa ya yi haƙuri ya gode wa Allah. Wannan zalunci ne aka sa masa rawani.

Amsarmu ita ce, akwai abu 3 da mutane ke cuɗawa wuri guda, alhali kowane da gidansa. Na fari buƙata, watau abinci da sutura da magani da wurin kwana. Wanda ya rasa su, abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu ba shi, in ya ƙoshi a yi maganar sauran. Na biyu himma, watau mutum ya so aikinsa ya yi kyau, gonarsa ta yi albarka, ɗansa ya fi shi ilmi. Wannan abin yabo ne, himma kuwa ba ta ga rago. Na uku kwaɗayi, shi ne son abu don ba ya hannunka, ko don yana hannun wani. Alamar da za ka gane shi da ita ita ce, ran da abin ya shigo hannu, ran nan darajarsa ke fara zubewa. Buƙata in an biya ta ta kan yi shiru. Himma in ta kai ga abu ta kan tsaya ta yi murna da shi, kana ta ci gaba. Kwaɗayi kuwa ba ya tsayawa ko ya dubi abin da ya kamo, kamar mai ɗiban ruwa a kwando.

Kuma wanda ya ce sanin darajar abu yana kashe himma bai lura da manoma ba. Manomin da ya san darajar 'yar gonar da ya gada, shi ne ke kai mata taki tun da rani, shi ke tare zaizaya, shi ke dasa itace a kan iyaka. Wanda ya rena tasa yana hangen fadamar wani, shi ne za ka ga gonarsa ta koma saura. Da ma an ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma sai ka yarda gatari ne kafin ka ɗauke shi ka wasa.

Imamu Gazali, wanda ya bar babbar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095, ya kuma rasu a 1111, ya yi bayanin godiya a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya kasa ta kashi 3: sanin ni'ima da wanda ya ba da ita, da farin cikin da ke biyo bayan sanin, da kuma aiki da ni'imar ta hanyar da ta dace. Ku dubi kashi na ukun nan. In haka ne, godiya ba ta cika da faɗar baki a zaune. Mai ilmi sai ya koyar, mai lafiya sai ya yi aiki, wanda ya ƙoshi kuwa sai ya waiwayi yaron bencin baya. Ashe yunwar yaron nan ba ta rushe maganar godiya ba, tamu godiyar ta tona wa asiri, mu da mu ke karyawa kullum ba mu taɓa tambayar wanda bai karya ba. Haka kuma malamin da albashinsa ya makara, ya nemi hakkinsa da ƙarfinsa, wannan bai hana shi jin daɗin dariyar 'yarsa da maraice ba. Hakkin nan bashi ne a kan wani, dariyar kuwa tasa ce tun yanzu, in ya jira sai an biya bashin kafin ya saurare ta, ya yi hasara biyu.

A KAN KOYI ABIN NAN?

Wani zai ce, ai wannan hali ne, wani an haife shi da wadar zuci, wani kuwa babu. Lalle halaye sun bambanta, amma mu malamai ba mu yarda akwai abin kirkin da ba a koyonsa ko kaɗan ba. Tushen abin lura ne, lura kuwa a kan koye ta kamar yadda a kan koyi karatu. Gazali ya lura mutane ba su ƙidaya abin da kowa ke da shi cikin ni'ima, ya ba da misali da iskar da mu ke shaƙa, wadda ba mai tunawa da ita sai ran da numfashi ya toshe aka sake shi.

Wata mata Ba'amurkiya, Helen Keller, wadda aka haifa a 1880, ciwo ya ɗauke mata gani da ji tun tana 'yar wata 19. Duk da haka ta yi karatu har ta sami digiri a 1904. A wata maƙala da ta buga a 1933, ta ba da labarin wata ƙawarta da ta dawo daga doguwar tafiya cikin kurmi. Da ta tambaye ta abin da ta gani, sai ta amsa cewa ba ta ga wani abin a zo a gani ba. Abin ya ɗaure wa Helen kai, domin ita da taɓawa kaɗai ta ke sanin duniya, ta kan sami abin sha'awa a jikin ganye guda da ɓawon itace. Shawarar da ta ba masu ido ita ce su yi amfani da shi kamar gobe za a ɗauke musu. Mu da mu ke wucewa ta gindin darbejiya kullum, yaushe rabonmu da mu ɗaga kai mu ga ta yi fure?

Masana sun gwada wannan ma. A shekarar 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'a wajen 200 a Amurka. Suka kasa su 3. Kashi na fari kowane mako su rubuta abu 5 da su ke godiya a kansu, na biyu su rubuta abu 5 da suka dame su, na uku su rubuta abu 5 da suka faru kawai. Bayan kamar mako 10, masu rubuta abin godiya suka fi sauran ganin zamansu da kyau, suka fi sa rai ga mako mai zuwa, suka kuma fi ƙarancin kukan ciwon jiki. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna amfanin dabarar nan matsakaici ne, ba ta maye gurbin magani ga wanda ciwon damuwa ya kama, shi sai a kai shi ga likita. Amma abin da ba ya cin ko kwabo, in ya ba da riba kaɗan ma ai riba ce.

Saboda haka muka mai da gefen hagun nan al'ada a ajinmu. Kowace Alhamis, kafin a tashi, kowane yaro ya rubuta abu 3 da ya ji daɗinsu a makon, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada ya maimaita na makon jiya, don tilas ya buɗe ido ya nemo sabo. Na biyu, ya faɗi ta hannun wa abin ya zo masa. Wannan sharaɗi na biyu ya fi ba mu mamaki, domin yaron da ya rubuta tuwon dare, da aka ce ta hannun wa, sai ya tarar da uwarsa da ta tuƙa, da yayarsa da ta ɗebo ruwa, da ubansa da ya noma dawar. Tuwon nan da ya saba haɗiyewa yana kallon waje, ashe mutum 3 ne suka yi masa wahala. Mu kanmu mu kan rubuta namu tare da su, don malamin da ya sa aikin da ba ya yi, yara ba su daɗe ba su gane shi ba.

Yaron bencin baya kuwa, mu malamai muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa don kununsa da ƙosai na safe, shi da waɗansu 4 da bincike ya nuna halinsu ɗaya. Mako biyu yana miƙo takarda fara, ba mu matsa masa ba. A na uku ya rubuta abu biyu: akuyarsu ta haifi 'ya'ya biyu, kuma kakarsa ta warke daga zazzaɓi. Wannan bai kori talauci daga gidansu ba, kuma ba mu ce masa ya daina son ya fita daga cikinsa ba, kullum ma ƙara masa ƙaimi mu ke yi a kan karatu. Amma mun fi so ya fita yana da idon da ke ganin abin da ya samu, don kada ya zama likita ko gwamna wata rana ya tarar takardarsa ba ta wuce kwana 14 ba.

Madinatuz Zahra ba ta daɗe bayan mai ita ba. Wajen shekarar 1010, shekara 50 bai cika da rasuwarsa ba, yaƙin basasa ya ci ta, aka washe ta, aka yi ta kwasar duwatsunta ana gini a wani wuri, har ƙasa ta rufe ta. Sai a 1911 aka fara tono ta, yau baƙi ke zuwa kallon kangonta. Da jin daɗi a jikin ginshiƙai ya ke, da mai ginshiƙi 4,000 bai rasa shi ba.

To, jama'a, ga abin da mu ke roƙonku. Yau da dare, in an ɗauke kwanuka, kowa ya tambayi kansa abu guda: cikin abin da ke gidan nan yanzu, wane ne na taɓa kwana ina roƙon Allah ya ba ni? Muna tsammani ba wanda zai rasa biyu ko 3, ko mata ce, ko ɗa, ko aiki, ko lafiyar da ta dawo bayan an fid da rai. In ya same su, ya ɗan dakata a kansu kafin ya koma lissafin abin da ya rage. Wanda kuma ya gwada, ko ya ga inda muka kauce, ƙofa a buɗe ta ke, ya rubuto mana mu ƙaru. Allah ya ba mu abin da mu ke buƙata, ya ba mu sanin darajarsa tun yana hannu, amin.